Fistin da ya dace da inji mai sufacaja: abin dubawa kafin ka biya kuɗi

Injin da ke da sufacaja ba ya jiran iska ta shigo masa da kanta, tura masa ita ake yi da ƙarfi. Iska mai yawa tana cin fetur mai yawa, wuta ta ƙaru a cikin silinda, kuma kan fistin ne yake ɗaukar wannan zafi da bugu gaba ɗaya. Shi ya sa idan aka sauke injin Range Rover 5.0 ko Mercedes mai Kompressor (sunan da Mercedes ke kiran sufacajarta) za a yi masa gyaran ciki, zaɓen fistin ne wurin da aka fi yin asara.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ɗauki tsohon fistin a tafi kasuwa, a gwada faɗinsa da wani, a ga sun zo ɗaya, a ce shi ke nan. Faɗi kaɗai ba ya isa. Kamfani yakan ƙera inji iri biyu a kan bulok mai faɗi ɗaya, guda da sufacaja guda babu, fistin ɗinsu kuma ya bambanta a sama. Injin AJ133 na Jaguar da Range Rover, wanda ba shi da sufacaja matsinsa, wato yawan matse iska da fetur da fistin ke yi a silinda, 11.5:1 ne, mai sufacaja kuwa 9.5:1. Haka injin 3800 na General Motors: L36 yana da 9.4:1, L67 mai sufacaja 8.5:1. Kan fistin mai sufacaja yawanci yana da kwarmi mai zurfi don a rage matsi. Ka saka na ɗan'uwansa marar sufacaja, mota za ta tashi lafiya, har ka ji kamar ta ƙara ƙarfi. Sai ranar da aka taka ta a kan hanya cikin zafin rana fetur ya fara fashewa kafin lokacinsa, inji ya riƙa ƙwanƙwasa, bakin da ke riƙe ringin sama ya karye. A wurinmu hatsarin ya fi girma, domin masu ƙera waɗannan motoci na Turai suna son fetur mai lambar oktan (ma'aunin jure matsi na fetur) 95 ko sama, mu kuwa gidan mai famfo ɗaya ne, abin da ka tarar shi za ka sha. Saboda haka ni ban yarda a ɗaga matsi sama da na kamfani ba ko kaɗan.

Sai maganar abin da aka yi fistin da shi. Akwai na zubi, wanda aka narka alminiyom aka zuba a mazubi, akwai na ƙira, wanda aka danne ƙarfen da ƙarfi har ya ɗauki siffa. Na zubi na gargajiya shi ne mafi arha, kuma ba nasa ba ne wannan aiki. Na zubi mai yawan silikon, wanda za ka ga an rubuta hypereutectic a kwalinsa, yana ɗauke da silikon kamar kashi 16 zuwa 18 cikin ɗari. Ba ya kumbura sosai da zafi, don haka ana saka shi matse a silinda, ba ya ƙara, ba ya shan baƙin mai, yana kuma daɗewa. Aibinsa shi ne gautsi: idan ƙwanƙwasa ta yi tsanani ba ya lanƙwasa, fashewa yake yi, ɓarɓashinsa ya lalata silinda da bawul. Amma kada wani ya ce maka ba ya ɗaukar sufacaja. Injin LSA na Cadillac CTS-V ta 2009, mai ƙarfin doki 556, da irinsa ya fito daga kamfani. Ɗan'uwansa LS9 na Corvette ZR1, mai doki 638, shi aka ba na ƙira.

Na ƙira kuma iri biyu ne, kuma nan ne mutane suka fi ruɗewa. Mai lamba 4032 yana da silikon kusan kashi 12, yana da ƙarfi, kumburinsa matsakaici ne, ya dace da motar da ake hawa kullum aka kuma ƙara mata iska kaɗan. Mai lamba 2618 kusan babu silikon a cikinsa. Shi ne ya fi jure bugu, yana iya lotsewa bai fashe ba, amma yana kumbura fiye da 4032 da kusan kashi 15 cikin ɗari. Dole a bar masa fili babba tsakaninsa da bangon silinda, wajen milimita 0.09 zuwa 0.13 a silinda mai faɗin milimita 100, alhali 4032 yakan tsaya a 0.05 zuwa 0.08. Sakamakon haka da safe za ka ji yana kaɗawa har inji ya yi zafi, ramin ringinsa kuma ya fi saurin cinyewa. Na masu tsere ne da ke sauke inji lokaci-lokaci. Mai zirga-zirga cikin gari da ya saye shi don an ce shi ne mafi ƙarfi ya kashe kuɗi ya sayo ƙara.

Ra'ayina a fili yake. Idan ba ka taɓa fulin sufacaja (ƙafar da bel ke juya ta da ita) ba, ba ka sauya tsarin kwamfutar motar ba, nemi fistin daidai da na asali, daga Mahle ko Kolbenschmidt, da lambar injinka ba da sunan mota ba, domin C180 da C200 Kompressor suna iya zama inji iri ɗaya amma matsinsu daban. Idan ka rage girman fuli don ƙarin iska, koma 4032. Wiseco, JE da CP-Carrillo duk suna ƙera irin waɗannan, kuma kowane saiti yana zuwa da takardar awo.

Akwai wani tarko da ba a ganinsa da ido. Wasu injina, kamar Audi 3.0 TFSI na farko-farko, bangon silindarsu ba baƙin ƙarfe ba ne, alminiyom ne mai silikon da ake kira Alusil. Fistin alminiyom tsirara a kan bangon alminiyom kamawa yake yi. Irin wannan bulok yana buƙatar fistin da aka yi wa shafi na musamman a gefe da ringin da ya dace da shi, ko kuma a saka wa silindar hannun riga na baƙin ƙarfe sannan a zaɓi fistin. Ba kowane mai injin yankan bulok ne ya iya gyara wannan bango ba, ka tambaya tun kafin ka kai.

Sauran awon ba su da wuya amma ba a tsallake su: tsayi daga tsakiyar fin (ƙarfen da ke haɗa fistin da sandarsa, konrod) zuwa kan fistin, kaurin fin ɗin, ko yana yawo ne da kilif ko matse shi ake yi a konrod, da gurbin bawul. Idan nauyin sabon ya bambanta da tsohon sosai, a sake daidaita kirankishaf, sandar da fistin ke juyawa.

Tsarin aiki shi ne a fara auna silinda a san ko za a tsaya a girman asali ko a je ƙarin milimita 0.25 ko 0.50, a sayo fistin, sannan a yanka bulok daidai da fistin da ke hannu. Ringi ma ana goge bakinsa: injin da ake tura wa iska yana son gibin ringin sama kamar 0.0055 na faɗin silinda, wato kusan rabin milimita a silinda mai faɗin milimita 90. Idan gibin ya yi kaɗan, bakin biyu su haɗu da zafi su ɓalle kan fistin, ko da na ƙira ne.

Fistin na hannu, na Beljiyam, da ake samu a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ko Ladipo ta Legas yana iya yin aiki idan daga inji mai lamba ɗaya ya fito. A wanke shi tas, a duba tsakanin ramukan ringi da haske mai ƙarfi, a auna gefensa da maikuromita. Wanda kansa ya yi ƙananan ramuka kamar an watsa masa yashi ya riga ya sha ƙwanƙwasa, a mayar wa mai shago. Kafin a rufe injin kuma, bakanike ya gwada injekta da famfon fetur da na'urar sanyaya iskar sufacaja, domin ƙarancin fetur ko iska mai zafi ne galibi ya kashe fistin na farko.