Salatif mai fuska biyu na 3M: yadda na same shi a ƙofar motata

Duk mai mota a Sakkwato ya san abin da ranar watan Afrilu take yi wa roba. Zafi ya haura digiri 40, jikin mota kuma ya fi haka nesa ba kusa ba, sai ka ga doguwar robar gefen ƙofa ta fara ɗaga baki, tambarin bayan but ya karkace. Tawa Corolla ce, robar ƙofar direba ce ta saki, ta bar baƙin layin tsohon gam da ƙurar hunturu ta cika. Na mayar da ita da salatif mai fuska biyu na 3M, mai ruwan toka da jar leda a bayansa. Kaya ne mai kyau, ya ci kuɗinsa, amma ba ya kama wuri mai datti ko maiƙo. Wanda ba zai iya haƙurin goge tsohon gam ba, kada ma ya saya.

Wani mai fenti a wajen Mabera ya ce mini, "Alhaji, mi za ka wahal da kanka? A sa mata sufa gulu, yanzun nan an ƙare." Na gode masa, amma ban yarda ba. Sufa gulu idan ya bushe ƙandarewa yake yi, alhali roba da ƙarfe ba sa buɗewa daidai da juna in sun sha zafi. Sai ya tsage, ya yi fari a gefe, ranar da za a cire shi kuma da fenti zai taso. Salatif ɗin 3M kamar katifa ce siririya tsakanin su biyun, yana ba kowanne damar motsawa ba tare da ya saki ba.

Aikin duka yana wajen cire tsohon gam. Na bar motar a rana da hantsi har gam ɗin ya yi laushi, a garin nan ba ka buƙatar na'urar hura zafi. Sannan na mayar da ita inuwa, na riƙa murza shi da babban yatsa yana naɗewa, inda ya yi kauri na tura shi da tsohon katin ATM. Reza ko wuƙa kada su kusanci fenti. Abin da ya rage mai danƙo na fesa masa WD-40 (man fesawa na warware tsatsa), na ba shi 'yan mintuna, na goge da tsumma mai laushi. Kananzir ma yana yi. Tina kuwa (ruwan tsinka fenti), wadda masu fenti suke saurin ɗaukowa, tana iya cin shafen saman da ke ba fenti ƙyalli, wurin ya dushe har abada, kuma abin yana ba ni takaici in na ga an ɓata lafiyayyar mota da ita saboda gaggawa. Sai a kula: WD-40 da kananzir duk mai ne, salatif ba ya kama mai. Dole a wanke wurin da sabulu, ya bushe, a bi shi da sifirit irin na kyamis. Bayan robar ma haka za a yi masa, nan ne ma mutane suka fi mantawa.

Liƙawar ba ta da wuya, sai dai sau ɗaya ake yin ta. Da zarar ya taɓa fenti ya kama, ba gyara. Fentin da ke ƙarƙashin roba bai sha rana ba, ya fi na kewaye haske, saboda haka ko kaɗan ka kauce za a gani. Na ja layi da salatif ɗin takarda na masu fenti, na ɓare jar ledar kaɗan kaɗan ina dannawa da tafin hannu tun daga farko har ƙarshe. Kamfanin 3M ya fi son a liƙa tsakanin digiri 21 zuwa 38, don haka na jira bayan la'asar ƙarfe ya huce. Ƙarfinsa ba ya cika sai bayan awa 72, kafin nan a haƙura da wankin mota.

Tun daga lokacin ta sha damina, ta sha ruwan injin masu wanki, na bi hanyar Illela da ita, ko gefe ɗaya bai ɗaga ba.

Abin da zan soka shi ne tsada, ga kuma jabu ya yi yawa a kasuwa, kowane jan salatif an buga masa 3M. Wanda ya yi araha fiye da kima, ko cikinsa ya zama farin soso mai yagewa a yatsa, a bar shi. Kuma a duba bayan robar kafin a saya: wasu motocin da ƙananan maƙalai ake riƙe ta, in sun karye sababbi za a nema wajen masu kayan gyara, salatif ba zai maye gurbinsu ba.