Digirin renon ƙananan yara a NOUN: wa ya dace da shi?

Jami'ar Karatu Daga Gida ta Ƙasa, wadda kowa ke kira NOUN, ta daɗe tana fama da kallon raini. An kafa ta a 1983 zamanin Shugaba Shehu Shagari, gwamnatin soja ta dakatar da ita a 1984, sai a 2002 Obasanjo ya farfaɗo da ita. Shi kansa daga baya ya yi digirin digirgir a cikinta. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya shugabance ta daga 2016 zuwa 2021, kuma hedikwatarta na Jabi a Abuja. Ta gwamnatin tarayya ce, hukumar kula da jami'o'i ta NUC ce ke tantance kwasa-kwasanta kamar na sauran jami'o'i, don haka batun "takardar ba ta da daraja" ba shi da tushe. Matsalar kwas ɗin ilimin ƙananan yara a wani wuri take.

Shiga ba wuya. Ana cike fom a intanet, a biya kuɗi ta Remita, sannan a kai takardu cibiyar karatu mafi kusa, kamar ta Kano ko Kaduna ko Katsina, a tantance su. Mai sakamakon sakandare da kiredit biyar, har da Turanci da Lissafi, yana farawa daga aji ɗaya, shekara huɗu ke nan in bai yi fashi ba. Mai takardar shaidar malanta ta NCE yana shiga aji biyu.

Kowane darasi na da littafinsa da ake saukewa kyauta a waya. Ana yin aikin gida da ake kira TMA a intanet, shi ne ke ɗauke da maki 30, jarrabawa kuma 70. A nan ɗalibai da yawa ke zamewa: sai su bar TMA har ranar ƙarshe, shafin ya cunkushe, ƙofa ta rufe, maki 30 su tafi. 'Yan aji ɗaya da biyu a kwamfuta suke jarrabawa, daga aji uku kuma da biro da takarda. Wanda ya saba da zaɓen amsa kawai yakan sha mamaki ranar da aka ce ya rubuta shafi biyu kan yadda yaro ke koyon magana.

Abin da ke cikin littattafan ba laifi. Akwai ra'ayoyin masana ilimin yara: Froebel da wasa a matsayin hanyar koyo, akwai Montessori da kayan da yaro ke taɓawa da hannunsa, akwai matakan girman tunani na Piaget, ga lafiyar yara da abincinsu da tsara aji. Amma sanin Piaget daban, zama da yara 25 'yan shekara huɗu daban. Yadda ake rarrashin mai kuka ba tare da sauran sun watse ba, yadda ake sauya aiki kafin hankalinsu ya gudu, yadda ake gane yaron da bai ji sosai, duk sai a cikin aji ake koyonsu. Akwai koyarwar gwaji ta dole, sai dai 'yan makonni ne, kuma amfaninta ya danganta da makarantar da ɗalibi ya zaɓa. In aka faɗa inda ake sa 'yan nazire haddar ABC da bulala tun safe, to abin da za a koya ke nan.

Wani giɓin kuma, da Turanci aka rubuta komai. Malamar da za ta koyar a Gusau sai ta nemo waƙoƙin gaɗa da tatsuniyoyi da kacici-kacici da kanta, ta haɗa kayan ƙirge da marafen kwalba da 'ya'yan dabino.

Ga malamar da ke da ajinta a nazire ko Islamiyya, mai NCE, wadda aure ko aiki ya hana ta zaman jami'a, wannan kwas ya dace ƙwarai: ta karanta da dare, ta gwada da safe. Matashin da bai taɓa tsayawa gaban yara ba kuwa, gara ya fara neman makarantar da zai riƙa taimakawa kafin ya biya kuɗin rajista. Kuma bayan digirin akwai rajistar hukumar malamai ta TRCN, wadda ke da tata jarrabawar daban.