Katin Paris Museum Pass ga baƙon da ya je Paris a gurguje

Yawancin mutanenmu na Maraɗi da ke zuwa Paris ba yawon buɗe ido ke kai su ba. Ko dai fatauci ne, ko ganin likita, ko taro, ko rakiyar ɗa zuwa makaranta, sai bayan an kammala hidima a sami ƴan kwanaki kafin tashin jirgi. Tafiyar kanta ta ƙara wuya tun da aka rufe ofishin jakadancin Faransa a Yamai a watan Janairun 2024, saboda haka wanda Allah ya ba ikon isa can bai kamata ya ƙarar da ragowar kwanakinsa a ɗakin otal ba. Da irin wannan baƙon nake auna katin da ake kira Paris Museum Pass, wanda na saya na yi amfani da shi a ziyarar da na kai birnin.

Katin yana ba mutum damar shiga gidajen tarihi da tsoffin gine-gine fiye da 50 a cikin Paris da kewayenta ba tare da sayen tikiti a kowace ƙofa ba. Ana sayar da shi iri uku, na awa 48, na awa 96 da na awa 144, kuma lissafin yana farawa ne daga lokacin da aka fara shiga wani wuri da shi, ba ya tsayawa da dare ko ranar da mutum ya gaji. Hasumiyar Eiffel ba ta cikinsa, wannan kuwa abu ne da ya kamata a sani tun kafin a biya, domin ita ce baƙo ke fara tambaya. Haka nan a gidan tarihi na Louvre kati kaɗai bai wadatar ba, sai an riga an kama lokacin shiga ta intanet, sannan kowa na bin layin binciken jaka.

Ribar katin tana ga lissafi. A 2024 tikitin Louvre shi kaɗai yuro 22 ne, wato sama da jaka goma sha huɗu a kuɗinmu, tunda yuro ɗaya ya kusa sefa 656. Wanda zai shiga wurare biyu ko uku a yini zai fanshe kuɗinsa, amma wanda wuri ɗaya ke isar sa gara ya sayi tikitinsa daban. Yara ƴan ƙasa da shekara 18 ba sa biya a gidajen tarihi na gwamnati, don haka sayen musu kati asara ce. Sai a kula da ranaku: Louvre a rufe yake ran Talata, gidajen tarihi na Orsay da Quai Branly kuwa ran Litinin.

Louvre, wanda ya zama gidan tarihi tun 1793, ya fi ƙarfin yini ɗaya, kuma wanda ya bi ayarin jama'a zuwa gaban zanen Mona Lisa zai fi ganin wayoyin mutane a kan zanen. Na fi ba da shawarar sashen fasahar Musulunci da aka buɗe a 2012, inda ake samun sukuni a tsaya a dubi aikin tagulla da darduma da rubutun Larabci. Mai tafiya da iyali ya sani cewa a nan da Orsay, tsohuwar tashar jirgin ƙasa da aka mayar gidan zane a 1986, akwai gumaka da zane-zanen tsiraici da yawa.

Wurin da ya fi biyan kuɗin katin a wurina shi ne Quai Branly, wanda aka buɗe a 2006 don kayan Afirka, Asiya, nahiyar Amurka da tsibiran tekun Pasifik. Duk wanda ya saba da gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai, inda maƙera da dukawa ke aiki a gabanka, zai ji wani iri idan ya ga kayan Afirka ta Yamma a bayan gilashi cikin duhu-duhu, an raba su da masu su. Tsarin ajiyar yana da kyau ƙwarai, wannan ba a musu, amma tambayar yadda kayan suka iso nan ba ta barin mai kallo. Daga wannan gidan ne aka mayar wa Jamhuriyar Benin kaya 26 a watan Nuwamban 2021, waɗanda sojojin Faransa suka kwasa daga fadar Abome a 1892.

Abin da katin ke jawowa shi ne gaggawa, domin agogonsa na gudu, sai mutum ya hana kansa zama, alhali kuwa rabin daɗin Paris yana gidajen shan kofi. A unguwar Saint-Germain-des-Prés akwai Café de Flore da Les Deux Magots, inda suna ake biya fiye da abin sha, da Procope da ke nan tun 1686. Ƙananan shagunan unguwa sun fi sauƙi, kuma a da yawansu kofin da aka sha a tsaye a kanta bai kai na zaune a tebur tsada ba. Ana sayar da giya a waɗannan wurare, sannan burodin da ake kira croque-monsieur da naman alade ake yin sa, sai a tambaya kafin a ci. Wanda yake son ya haɗa sallah da hutu ya nufi Babban Masallacin Paris da aka buɗe a 1926, kusa da lambun Jardin des Plantes, inda ake sayar da shayin na'ana'a da kayan zaƙi na Arewacin Afirka a farfajiya. Daga nan ana iya takawa da ƙafa zuwa Institut du monde arabe, cibiyar al'adun Larabawa, nan ma katin yana shigar da mutum, in har awanninsa ba su ƙare ba.