'Yar na'urar Bluetooth da na saya wa shagona a Garwa

Shagon buga takardu da fotokwafi nake da shi a Garwa, kwamfutocin tebur biyu, duka tsofaffi ne marasa Wi-Fi. Intanet ɗina daga waya yake zuwa. Da na haɗa ta da kwamfuta da igiyar USB, sai a kira ni ko wani ya zo turo kuɗi, na cire, aiki ya tsaya. Shi ya sa na sayi wata 'yar na'urar Bluetooth da ba ta kai kan ɗan yatsa ba, sefa dubu huɗu a kasuwa. Wata uku ke nan ina amfani da ita.

Da kwamfuta ɗaya ba ta ba ni wahala ba. Na soka ta, na kunna raba intanet ta Bluetooth a wayar Android, suka gaisa, shafi ya buɗe. Wayar tana aljihuna ina kai da kawowa, muddin ban wuce kamar mita 10 ba.

Matsala ta taso ne ranar da na so kwamfuta ta biyu, wadda yarona ke bugu a kai, ita ma ta samu. Na haɗa kwamfutocin biyu da igiyar intanet, na shiga Windows na yi abin da ake kira gada tsakanin layin Bluetooth da layin igiya, wato na haɗe layukan biyu su zama ɗaya. Nan take ta farkon ma ta rasa intanet. Ta biyun kuwa adireshin da ta nuna, lambar da ake gane kwamfuta da ita a kan layi, ya fara da 169.254, wato babu wanda ya ba ta adireshi, ta ƙaga wa kanta ne. Kwana biyu ina kashewa ina kunnawa cikin zafin Garwa, ga ɗalibai a bakin ƙofa suna jiran takardun da aka turo musu ta imel. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na yi niyyar mayar wa mai shago kayansa.

Ɗan yayata da ke karatu a Jami'ar Ngaundere na kira. Ya ce, "Kawu, rushe gadar nan. Wayar ba ta san kowa ba sai kwamfutar da ta haɗu da ita ta Bluetooth. Ka bar kwamfutarka ta raba wa 'yar'uwarta." Na goge gadar, na kunna rabawa a kan layin Bluetooth ɗin. Ta farko ta ɗauki 192.168.137.1 a ɓangaren igiya, ta ba ta biyu adireshi, aiki ya tashi. Ya kuma gargaɗe ni kada in kunna rabawa da gada a kan layi ɗaya, ba sa zama tare.

Saura yankewa lokaci zuwa lokaci. Na hana kwamfuta kashe na'urar don tanadin wuta, na kuma ɗauke ta daga kusa da ramin USB mai shuɗin ciki, wato USB 3.0, domin yana damun zangon 2.4 GHz da Bluetooth ke tafiya a kai. Tun daga nan da wuya ta yanke.

Sai dai ba ta da sauri. Irin wannan haɗi bai cika wuce megabit 2 a daƙiƙa ba, kuma yanzu mu biyu ke rabawa. Imel da takardar Word suna sauka lafiya, cike fom ma haka. Amma in wani ya kawo hotunan biki masu nauyi, har yau igiyar USB nake ɗaukowa daga aljihun tebur.