Shagon da nake sayen tuffar gashi a Garwa

Tart ɗin tuffa, wato ƙullin fulawa da ake jera yankan tuffa a kai a gasa, nake yi a gida ina sayarwa, na biki da na suna, kuma a garin nan na arewacin Kamaru samun tuffar da za ta jure wuta ya fi komai ba ni wahala. Masu tebur na bakin titi iri biyu kawai suka sani, ja da kore. Ki tambayi sunan irin, sai a ce miki, "Mai zaƙi ce, Hajiya." Shi ya sa na manne wa wani shagon kayan marmari da ke kusa da babbar kasuwa. Yana da ɗakin sanyi, kuma Alhajin ba ya juye kayan daga kwalayensu. Sunan iri da ƙasar da aka nomo ta duk suna jikin kwali, yana kuma barin mai saye ta karanta da kanta.

Wadda na fi saye ita ce Granny Smith, koriya shar, mai tauri da tsami. Asalinta Ostiraliya, inda ta tsiro a gonar wata tsohuwa, Maria Ann Smith, a 1868, amma ta shagon nan daga Afirka ta Kudu ko Faransa take zuwa. Yara ba sa son ta ɗanya, tana kashe haƙori. A wuta kuwa ba ta da na biyu: bayan minti 45 ana gashi, kowane yanka yana nan da siffarsa, in kin sa wuƙa ba ya rushewa, tsamin kuma yana hana sukari da bota su gundiri mai ci. Ita kaɗai dai takan yi kaifi, don haka nake haɗa kashi biyu nata da kashi ɗaya na Golden Delicious. Golden tana saurin laushi, sai ta cike tsakanin yankan, ta kawo zaƙi da ƙamshi. Ki ɗauke ta tun tana da ɗan kore-kore. In ta yi rawaya sosai, fatar tana maiƙo a hannu, ta wuce.

Top Red, jar nan mai tsini biyar a ƙasa, ita ce ta fi kyau a ido, ita ake kai wa dubiya asibiti. Kada ki kusance ta don gashi. Narkewa take kamar faten kabewa, ruwanta ya jiƙe ƙasan ƙullin ya hana shi gasuwa. Royal Gala ba laifi in babu wata, sai dai a ƙara ruwan lemun tsami da kirfa, don ɗanɗanonta ba shi da ƙarfi. Pink Lady tana da tsami da zaƙi a haɗe, ga tauri, amma jefi-jefi take zuwa, kuɗinta kuma ba na mai neman riba ba ne.

Abin da ya ƙara wa Alhajin daraja a wurina shi ne maganar lokaci. Wata rana ya juyo min kwali ya ce, "Hajiya, ki riƙa duba ƙasar da aka nomo ta kafin launi." A Afirka ta Kudu ana girbi daga Fabrairu zuwa wajen Mayu, a Faransa kuwa daga Agusta zuwa Oktoba. Ke nan da damina, ta Afirka ta Kudu ce sabuwa, da hunturu kuma ta Faransa. Ga tafiyar fiye da kilomita 1,000 daga tashar jirgin ruwan Duwala, tuffar da ta daɗe a ajiye ba ta isowa da lafiya.

Ƙorafina biyu. Yaran shagon suna jera wasu a tebur a waje, kuma a zafin Maris da Afrilu, da yakan haura digiri 40, yini ɗaya ya isa tuffa ta yi laushi. Daga nan suke fara ɗebo wa wanda bai yi magana ba, don haka ki ce ta cikin ɗaki kike so, ki danna kusa da hancinta da babban yatsa. Na biyu, da ɗai-ɗai Alhajin yake sayarwa, manya da ƙanana kuɗi ɗaya, alhali mai gashi da kilo take lissafi. Na roƙe shi ya riƙa auna wa masu saye da yawa, ya ce zai duba, har yanzu dai sikelin na inabi ne kawai.