Ƙari a zuciya: wane hoto ya cancanci kuɗinka?

Idan likita ya yi zargin ƙari a zuciya, ka fara da eko, wato hoton da ake ɗauka da sauti, kuma a hannun likitan zuciya. Ba allura, ba haske mai cutarwa, ko mai ciki ana yi mata. Ka kwanta ta gefen hagu, a shafa maka man nan mai sanyi, a ɗora kan na'urar tsakanin haƙarƙari, sai ga zuciyarka tana bugawa a allo. Mikzoma, ƙarin da ya fi tsirowa a zuciyar manya, kusan 3 cikin 4 a ɗakin sama na hagu yake fitowa, rataye da ɗan sili, yana lilo da kowane bugu, wani lokaci har ya tare ƙofar jini. Wannan lilon eko ne ke kama shi. In hoton bai fito sarai ba, akwai ekon da ake zurawa ta maƙogwaro, bayan an bar ci da sha na wasu awowi.

Radiyo, wato hoton ƙirji na X-ray, inuwar zuciya kawai yake nunawa. ECG kuwa, zanen bugun zuciya a takarda, ba hoto ba ne ma. Sikana, na'urar da ke ɗaukar hoton cikin jiki yanki-yanki da X-ray, na da amfani in ana tsoron ƙarin daga huhu ko nono ya yaɗu, wanda ya fi na asalin zuciya yawa nesa ba kusa ba, amma a gwada ƙoda kafin allurar da ake yi don hoton ya fito sarai.

IRM, hoton da ake ɗauka da maganaɗisu, ya fi kowanne bambance ƙari da gudan jini. A nan Maradi, inda ciwon zuciyar bayan haihuwa ba baƙo ba ne, sau da yawa dunƙulen da aka gani jini ne ya daskare. Sai dai ba kowace na'urar IRM ke ɗaukar zuciya ba. A buga waya a tabbatar kafin a biya kuɗin mota zuwa Yamai ko Kano.

Sai ƴan damfara. Masu ƴar akwatin nan da ake riƙe ƙarfe a tafin hannu, minti ɗaya ta zano maka cututtuka rututu, ƙarya ce tsagwaronta. Haka suka yi wa gwaggona: aka ce ƙari ne, aka ɗora mata magungunan kwalba, ta bar barci, alhali hawan jini ne ke damunta. Haka mai ekon masu ciki da ya ce zai duba maka zuciya da kan na'urar ciki, ka tashi abinka. Ka nemi rubutaccen sakamako mai hatimi da sunan likita, da hotunan a hannunka. Wanda ya yi hoto ya juya ya miƙo maka maganin narkar da ƙari, riƙe kuɗinka: mikzoma tiyata ake yi masa.