Ka daure a fiziks ko ka koma injiniyan lantarki?

Ƙanina, ka ce kana shekara ta biyu a sashen fiziks, ka faɗi kwas biyu, makaniks da kuma lantarki da maganaɗisu, sakamakonka ya yi ƙasa, ga shi kuma ana ta tambayarka wane aiki wannan karatun zai ba ka. Kana son sanin ko ka daure, ko ka nemi a mayar da kai sashen injiniyan lantarki. Bari in jera maka su biyun, sai ka duba da idonka.

Mu fara da wahala, tunda ita ta tayar da maganar. Abin da ke kayar da ɗalibi a shekara ta biyu galibi lissafi ne. A sakandare da shekarar farko ana miƙa maka fomula, ka zuba lambobi, amsa ta fito. Daga nan sai salo ya sauya, a ce kai ne za ka gina fomular. Dokokin Newton da ka haddace sai su dawo maka cikin tsarin da Lagrange ya fitar a 1788, inda ake farawa da kuzari maimakon ƙarfin turi da ja. Lantarki da maganaɗisu kuma su dunƙule cikin lissafe-lissafe huɗu masu ɗauke da sunan Maxwell, wanda ya yi aikinsa a shekarun 1860. Duk wanda kalkulas ɗin bekta, wato lissafin abubuwa masu girma da alkibla, bai zauna masa ba, zai zauna a lakca yana jin kowace kalma amma bai san inda aka dosa ba. To, waɗannan lissafe-lissafen na Maxwell suna nan suna jiranka a sashen injiniyan lantarki, har da ƙarin dabarun lissafi na Laplace da Fourier da za ka riƙa amfani da su kusan kullum. In lissafin kake gudu, gudun gara ne za ka tarar da zago.

Inda suka rabu shi ne irin tambayar da ake yi maka. Ɗauki ƙarfe ka rataya a jikin sifirin, ka ja shi ƙasa ka saki, yana lilo har ya tsaya. Ɗauki kuma sakit, wato da'irar lantarki, mai rizista da kwayil da kafasita. Lissafi ɗaya ne ke bayyana su biyun, haruffan kawai ake canzawa. Malamin fiziks zai ce ka nuna masa dalilin da ya sa abubuwa biyu da ba su yi kama ba suke bin doka ɗaya, ka faɗi inda kuzarin ya tafi, sannan me zai faru in gogayyar ta yi yawa har lilon ya gagara. Malamin injiniya zai ce ga tashar rediyon da ake so a kama, zaɓi kafasitar da ta dace daga cikin waɗanda masana'antu ke ƙerawa, ka tuna abin da aka rubuta a jikinta zai iya saɓawa da kaɗan, kuma kada na'urar ta yi zafi ko ta yi tsada. Na farko yana gamawa ne in ya fahimta, na biyu sai abin ya yi aiki a hannun wani. Ka karanta tambayoyin nan biyu a hankali. Ɗayansu za ta sa ka ji kana son ɗauko takarda da biro, kuma wannan ya fi sakamakon zango ɗaya faɗa maka gaskiya.

Ta fuskar aiki, ba zan ɓoye maka ba, injiniya ya fi samun miƙaƙƙiyar hanya. Sunan digirinsa shi ne sunan aikinsa, yana zuwa koyon aiki a kamfani tun yana makaranta, kuma a ƙasashe da dama akwai hukumar da ke yi masa rajista ya sa hannu a kan zane. Mai digirin fiziks da wuya ya ga tallar aikin da aka kira sunansa. Dole ya ɗora wata ƙwarewa a kan digirin, kuma a nan ne da yawa ke yin sake, su jira har sai sun gama. Wanda ya ɗora kuwa ƙofofinsa suna da yawa. A asibitin da ake gashin ciwon daji da haske mai ƙarfi, masanin fiziks ne ke auna abin da injin ke fitarwa, ya tabbatar adadin da likita ya rubuta shi ne ya isa ƙarin, bai ƙona lafiyayyen nama ba. Wannan yakan buƙaci digiri na biyu da horo a cikin asibiti. Masu neman mai da ruwa da ma'adinai suna aika girgiza cikin ƙasa su karanta yadda ta dawo, aikin fiziks ne tsantsa. Akwai masana'antar ƙananan sassan kwamfuta, akwai wutar sola, akwai nazarin bayanai ga wanda ya iya rubuta manhaja da Python. Akwai kuma koyarwa, wadda ni ban ɗauke ta a matsayin abin da ake faɗawa in an rasa ba, domin ƙarancin malamin fiziks mai fahimtar abin da yake koyarwa shi ne tushen wahalar da ɗalibai irinka ke sha.

Bincike kuma hanya ce mai tsawo. Digiri na uku yakan ci shekara uku zuwa huɗu a Birtaniya, biyar zuwa shida a Amurka, bayansa a bi da kwantiragin shekara biyu ko uku, sau da yawa a wata ƙasa, kuma guraben dindindin ba su kai yawan masu nema ba. Ƙwayar zarra ta Higgs an yi hasashenta a 1964, ba a gan ta ba sai 2012 a CERN, cibiyar binciken fiziks ta Turai. Wanda ke son wannan rayuwar yana son ta ne da saninsa, kuma akwai masu tallafa masa: cibiyar fiziks ta ICTP da masanin fiziks Abdus Salam ya kafa a Trieste ta Italiya a 1964 tana da shirin difloma na shekara ɗaya don ɗaliban ƙasashe masu tasowa.

Kada kuma ka ɗauka duk wanda ka zaɓa ka rufe ɗayan har abada. John Bardeen injiniyan lantarki ya fara karantawa, daga baya ya shiga cikin mutum ukun da suka ƙirƙiro tiransista a 1947, ya kuma karɓi kyautar Nobel ta fiziks sau biyu, a 1956 da 1972. Tim Berners-Lee fiziks ya karanta a Oxford, shi ne kuma ya tsara shafukan yanar gizo a CERN a 1989. Sai dai ka bincika dokar ƙasar da za ka yi aiki, don wani wurin ba a yi wa mutum rajistar injiniya sai digirinsa na farko na injiniya ne.

Sauya sashe ma yana da nasa kuɗin goro, wannan kuwa shi ne abin da masu ba da shawarar canji kan manta. Jami'o'i da yawa suna sa mafi ƙarancin makin da za a karɓi mai canji, gurbin injiniya kuma masu nemansa suna da yawa, kana iya maimaita shekara. Ke nan ko tafiya za ka yi, sai ka fara ɗaga sakamakonka a inda kake.

Ra'ayina shi ne kada ka yanke hukunci a wannan zangon. Koma kan kalkulas da aljabara na tsawon hutun nan. Ka ɗauki tambaya ɗaya, ka rufe littafi, ka yi ta fama da ita rabin awa kafin ka leƙa amsa. In ka samu amsa, duba ma'auninta: in tsawon lokaci aka tambaya, daƙiƙa ta fito ko mita? Sa gogayya ta zama sifili ka ga ko lilon zai ci gaba har abada kamar yadda ya kamata. Nemi abokai biyu ko uku ku riƙa yi wa juna bayani a allo, ka kuma kai wa malamin kwas ɗin takardar da ka yi ƙoƙari a kai, ka nuna masa layin da ka maƙale. In bayan wannan lissafin ya fara sakin jiki amma har yanzu tambayar kafasita ce ke jan hankalinka, je ofishin sashen injiniya ka tambayi makin da suke karɓa da ranar rufe neman canji, ka cike takardar ba tare da jin ka gaza ba. In kuwa tambayar inda kuzarin ya tafi ce ke hana ka barci, yi rajistar kwas biyun nan da ka faɗi, ka fara koyon Python a wannan zangon.